Gini Daban, Riƙo Daban: Yadda Najeriya Ke Kula da Hanyoyinta

A ƙarshen daminar 2025 an sha cece-kuce a Najeriya kan wani haraji na kashi 5 cikin 100 da aka ce za a ɗora wa man fetur da dizal. Ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki, jami'an gwamnati kuma suka fito suna rantsuwa cewa harajin ba sabo ba ne, kuma ba yanzu za a fara karɓarsa ba. A wannan gaɓa dai ba su yi ƙarya ba. Harajin ya daɗe yana kwance cikin dokar FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, tun kwaskwarimar da aka yi wa dokar a 2007. An ma raba kuɗin tun kafin a gan su: kashi 40 na FERMA, kashi 60 na hukumomin gyaran hanya na jihohi. Shekara 18 ana sauya gwamnati, ba a samu wadda ta aiwatar da shi ba, ba a kuma samu wadda ta soke shi ta kawo madadinsa ba. Hukumar da aka kafa a 2002 don ta riƙe hanyoyin tarayya ta ci gaba da zaman jiran abin da kasafin kuɗin shekara zai yaga mata.

Dukiyar da ake magana a kanta kuwa ba ƙarama ba ce. Ana ƙiyasta tsawon hanyoyin motar ƙasar da kilomita 195,000 zuwa 200,000. Kimanin 35,000 na gwamnatin tarayya ne, kimanin 30,000 na jihohi, sauran duk na ƙananan hukumomi ne, kuma galibinsu burji ne ko turɓaya. Ga tsohon layin dogo mai tsawon kilomita 3,505, ga sababbin layukan da aka shimfiɗa daga baya, ga gadoji, ga tashoshin jiragen ruwa, ga bututun mai na sama da kilomita 5,000. Hanyoyin tarayya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jimillar ba, amma su ne ke ɗauke da mafi nauyin kaya, a ƙasar da sama da kashi 90 cikin 100 na mutane da kayanta a kan taya suke tafiya. Tumatirin Kadawa, albasar Aliero, shanun Potiskum, simintin Obajana, duk hanyarsu ke nan.

Hanya ba ta mutuwar farat ɗaya. Rana ce ke fara busar da kwalta har ta yi tauri ta soma tsattsagewa. Ruwan sama ya bi tsagar ya sauka cikin tsakuwa da marmarar da ke ƙasa, waɗanda su ne ainihin ƙarfin hanya, kwaltar rufi ce kawai. Da ƙasan ya jiƙe ya yi laushi, sai babbar mota ta bi ta kai ta lotsa shi. Tsaga ta zama ɗan rami, ɗan rami ya tara ruwa, damina biyu a gaba direbobi sun soma sauka gefe suna ratse. Idan kuma kwalbati ya toshe da yashi da leda, ruwan da ya rasa mafita sai ya ci gindin hanyar har ta rufta. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan lissafi: yaɓe da gyaran indararo kafin saukar damina abu ne na 'yan kuɗi kaɗan, amma wanda ya tsallake su shekara uku sabon gini zai tayar. Masana harkar hanya sun kasa aikin gida uku. Akwai na kullum, wato kwashe magudanan ruwa, sare ciyawa, toshe tsaga da cike ƙananan ramuka. Akwai na lokaci-lokaci, inda ake sake shimfiɗa siririyar kwalta a kai duk bayan shekara 7 zuwa 10. Na uku shi ne a kankare hanyar gaba ɗaya a sake ginawa, kuma wannan ba gyara ba ne, tarar sakaci ce.

Bambancin kuɗin da ke tsakanin matakan nan shi ne zuciyar maganar. Wani rahoton Bankin Duniya na 1988 ya gano cewa ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara 20, alhali gyaran kusan dala biliyan 12 a kan kari da ya hana asarar. Hukumar hanyoyin Afirka ta Kudu ta taɓa yin nata lissafin: gyaran da aka jinkirta shekara uku kuɗinsa kan ninka sau 6, wanda aka jinkirta shekara biyar kuma sau 18. Wannan abin da ke fita daga baitulmali ne kawai. Sauran direba ke biya wajen bakanike da mai faci, fasinja ya biya a tasha, mai cefane ya biya a kasuwa.

Dattawan da suka yi wayo zamanin En'e da farkon mulkin kai suna tuna leburorin hanya. Kowane 'yan mil akwai zango da ayarin ma'aikata, da shebur da diga da baro, ƙarƙashin wani shugaban lebura da ya san kowane kwalbati a yankinsa. Hanyoyin ba su da faɗi, mafi yawansu ma ba kwalta, amma kowace tana da wanda za a tuhuma idan ta lalace. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka sauya al'amarin. Gwamnatin tarayya ta karɓe dubban kilomitoci daga hannun jihohi, ta shiga shimfiɗa sababbi ta hanyar manyan kwangiloli, aikin lebura na kullum kuma ya zama abin raini. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, aka wayi gari da hanyoyi masu yawa, ga rashin kuɗin riƙe su, ga shi an watsar da tsarin da a da yake riƙe da su.

Abin da ya biyo baya jerin agajin gaggawa ne. Janar Abacha ya kafa asusun PTF a 1994 da rarar kuɗin mai, ya damƙa shi hannun Janar Buhari, kuma har yau akwai garuruwan da ake nuna hanya a ce aikin PTF ne. Sai dai asusun tayar da matattun hanyoyi ya yi, bai bar wani tsari na kula da su ba, kuma Obasanjo ya rushe shi a 1999. A ƙarshen 2003 Obasanjon ya sa aka rushe shingayen karɓar kuɗin hanya da ke kan titunan tarayya, bisa hujjar cewa abin da ke shiga aljihun gwamnati bai taka kara ya karya ba, ga cunkoso ga almundahana. Shirinsa shi ne ya maye gurbinsu da harajin naira 1.50 a kan kowace litar mai. 'Yan ƙwadago suka tayar da ƙayar baya, harajin ya mutu. An rushe shinge, ba a samu harajin ba, FERMA kuma tana jaririya.

Dogaro da kasafin shekara yana da illar da ba kowa ke lura da ita ba. Aikin kwalta na rani ne, domin ba a zuba ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. An yi shekaru da dama kasafin Najeriya ba ya samun sa hannu sai an shiga damina, kuɗin kuma su fito guntu-guntu, wani lokaci ma su ƙi fitowa. Sannan kowane ɗan majalisa yana so a ga sunan hanyar garinsu a takarda, sai a yayyafa wa ɗaruruwan ayyuka kuɗin da ba zai kammala ko ɗaya ba. Lokacin da David Umahi ya karɓi ma'aikatar ayyuka a 2023, ya ce ya gaji ayyukan hanya sama da 2,000 da ba a gama ba, ga tulin bashin 'yan kwangila. Hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye a 2006, ta isa misali: ɓangarorin da aka fara gamawa sun soma neman gyara tun kafin a kammala sauran, kuma a daminar 2024 ambaliya ta datse ta a yankin Katagum.

Gwamnatin Buhari ta gane cewa kasafi kaɗai ba zai kai ta ko'ina ba, ta kuma yi dabaru da ya kamata a yaba. A 2017 ta fara sayar da takardun Sukuk, lamuni marar ruwa, ta tara naira biliyan 100 ta raba wa hanyoyi 25 a shiyyoyi shida, kuma kafin ƙarshen 2023 abin da aka tara ta wannan hanya ya haura naira tiriliyan ɗaya. Amfanin Sukuk shi ne kuɗin a ɗaure suke da aikin, ba a biyan ɗan kwangila sai an auna abin da ya yi. A 2019 aka fito da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7, wanda ya ba kamfanoni damar gina hanya a cire musu kuɗin daga harajinsu. Ta nan Dangote ya yi hanyar kankare daga Obajana zuwa Kabba, kamfanin iskar gas na NLNG ya ɗauki Bodo zuwa Bonny, kamfanin mai na NNPC kuma ya karɓi hanyoyi 21 a 2021 kan naira biliyan 621. Har dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020 an zuba su a manyan ayyuka uku. Amma a duba jerin nan da kyau. Kowace dabara a cikinsa ta neman kuɗin gini ce ko sake gini. Babu ɗaya da ta amsa tambayar wa zai kwashe magudanar ruwa a shekara ta biyu bayan an yanke ƙyalle.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, ita ce ta fi bayyana kuɗin wannan giɓi. An mayar da ita tagwaye a zamanin Babangida. Ta yi kusan shekara 30 ana yi mata faci nan da can, ba tare da cikakken sabon rufi a lokacin da ya dace ba, har ramukanta suka zama abokan aikin masu garkuwa da mutane, domin dole direba ya rage gudu a inda suke jira. A Disambar 2017 aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyara ta kan naira biliyan 155. Da aka ga ƙasan hanyar ma ya mutu, aka sauya aikin zuwa sabon gini, a 2021 kuɗin suka koma naira biliyan 797. A ƙarshen 2024 ma'aikatar ayyuka ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna saboda saɓani kan farashi, ta ba wani kamfanin. Faɗuwar darajar naira na da nata kason a hauhawar kuɗin, haka ma faɗaɗa aikin. Duk da haka, da an riƙa kashe wa hanyar ɗan abin da take buƙata kowace shekara tun daga 1990, ba za a kai ga maganar kankare ta gaba ɗaya da wuri haka ba.

Ko da kuɗin gyara na zuwa a kan kari, akwai abin da zai cinye su, shi ne lodi. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyin Amurka sun yi wani gwaji a jihar Illinois, suka yi ta zagaya manyan motoci a kan hanyoyin gwaji har suka lalace. Abin da suka gano ya zama ginshiƙin zanen hanya a duniya: ɓarnar da mota ke yi ba daidai take tafiya da nauyinta ba, tsalle take yi. Idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar sau 16 take ninkawa. Shi ya sa tirela ɗaya mai cikakken lodi ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Ƙa'idar ECOWAS ta 2012 ta ƙayyade tan 11.5 a kan layin tayoyin da ke jan mota. Wanda ya ɗora tan 20 a wurin ya yi ɓarnar da ta haura ninki tara. Hanyar da aka zana don ta yi shekara 20 sai ta tsufa cikin biyar, a koma ana zagin ɗan kwangila, wanda wani lokaci ya cancanci zagin, wani lokaci kuma ba laifinsa ba ne.

Najeriya na da dokar awon nauyi, an sabunta ta a 2018, an kuma gina ma'aunan manyan motoci a wasu wurare. Mai bin hanya ya faɗi sau nawa ya ga an tsayar da tirela an hau da ita sikeli an sauke rarar kaya. Mai mota yana ƙara wa bodi tsawo da ƙarfe, yana ƙara sifirin, domin kuɗin dizal da na shingayen jami'ai ba za su fita ba sai da lodin wuce kima. Ribar tasa ce, asarar ta kowa. Sai da tankoki suka yi ta kashe mutane, a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, sannan aka hana tanka mai ɗaukar lita 60,000 lodi daga watan Maris na 2025. Dalilin hanin rayuka ne, amma kwalta ma ta samu sauƙi. Mu ma mutanen gari ba mu fita ba. Tirelolin da ke kwana a kafaɗar hanya a Tafa da Mararrabar Jos suna zubar da dizal da baƙin mai, waɗanda ke narkar da kwalta. Ana zuba shara a lambatu, ana fasa titi a binne bututun ruwa a tafi a bar shi, 'yan jari-bola kuma na kwance ƙarafan gada da murafen magudanai.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya kawo wannan kaya duka kan titi. Amsar tana wajen sauran dukiyar da aka bari ta lalace. An shimfiɗa bututu don ya kai mai depo-depo na Suleja, Kano, Gusau, Jos, Gombe da Maiduguri. Da fasa bututu da rashin gyara suka kashe shi, kowace litar da za a sha a Arewa ta koma hawa tanka tun daga bakin teku. Jirgin ƙasa ma haka. Ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, kuma a wannan shekara ta 1964 reluwe ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai gangara. An ɗauko Indiyawa su gudanar da ita a 1979, an ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar farfaɗo da ita a 1995, an sake gyara layin Legas zuwa Kano aka buɗe a ƙarshen 2012, kowane karo a yi biki, bayan 'yan shekaru taragu su koma kwanciya. Sababbin layuka sun zo, galibi da bashi: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, Legas zuwa Ibadan a 2021. Su ma ciwon bai ƙyale su ba. Bayan jirgin Kaduna ya kauce daga layi a Asham a Agustan 2025, rahoton farko na masu bincike ya nuna cewa an taɓa yin irin haka a wurin, kuma faci aka yi wa wasu abubuwan da suka lalace maimakon a canza su. Tashar jirgin ruwa ta Baro kuwa, da aka buɗe a Janairun 2019, ta yi shekaru a zaune saboda babu hanyar kirki da za ta kai kaya bakinta. Ma'aikatar ayyuka daban, ta sufuri daban, kamfanin mai daban, amma sakacin kowannensu a kan kwalta yake sauka.

Ba Najeriya kaɗai ta shiga wannan hali ba, kuma maganin da maƙwabta suka gwada sananne ne. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Afirka da dama suka rungumi tsarin asusun hanya: a ɗora wani abu a kan litar mai, kuɗin su wuce kai tsaye cikin asusu na musamman ba tare da sun bi ta baitulmali ba, a sa wakilan masu motoci da 'yan kasuwa a hukumar da ke sa ido, sannan a raba mai riƙe kuɗi da mai ba da aiki. Ghana ta sake fasalin nata a 1997, Habasha ta kafa a shekarar, Tanzaniya a 1998, Kenya ta kafa hukumar hanyoyinta a 1999. Nijar ma ta kafa hukumar CAFER a 1999, daga baya ta mayar da ita asusun FER, kuma duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya san inda ake tsayawa a yanki tikiti. Ba a ce tsarin ya warkar da komai ba. Hanyar yuraniyom daga Tawa zuwa Arlit ta lalace duk da asusun. A Ghana, dokar 2017 da ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka ta ba ma'aikatar kuɗi damar ɗibar wani kaso, bashin 'yan kwangila ya taru. Ko Amurka, harajin man da ke ciyar da asusun hanyoyinta yana nan a santi 18.4 kan galan tun 1993, domin babu ɗan siyasar da ke son a ce shi ya ƙara. Amma asusun da ake yi wa ƙwange ya fi babu, kuma Najeriya babu take da shi. Tun shekarun 1990 kwamitocin gwamnati ke ba da shawarar a kafa. Majalisa ta takwas ta zartar da ƙudurin asusun hanyoyi da na hukumar hanyoyin tarayya mai cin gashin kanta, ba wanda ya zama doka. Ma'aikatar da ke ba da kwangila ba ta ɗokin a raba ta da wannan iko, kuma wannan ba abin mamaki ba ne.

Akwai kuma abin da ya riga kuɗi, wato sanin abin da aka mallaka. A 1967 wata gada ta rufta a kan kogin Ohio na Amurka ta kashe mutum 46. Daga nan Amurka ta kafa ƙa'idar duba kowace gada aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, a ba ta maki, a shigar a kundi. A 2012 ta ƙara da dokar da ta wajabta wa kowace jiha rubuta tsarin kula da manyan hanyoyi da gadojinta: me take da shi, wane hali yake ciki, nawa zai ci a shekara goma masu zuwa, me zai faru idan ba a kashe ba. Jihar da ta ƙi, a rage mata kason tarayya. Amfanin irin wannan kundi shi ne yana ƙwace zaɓi daga hannun mai faɗa-a-ji. Yana ma koyar da abin da kunne ba ya so: idan kuɗi sun yi kaɗan, hanyar da ke da sauran lafiya ita ake fara ceta, domin abin da zai sake gina kilomita ɗaya na matacciya zai iya tsare kilomita da yawa na mai rai. A wurinmu akasin haka ake yi. Sai hanya ta mutu, direbobin tanka sun tare ta kamar yadda suka yi a Bida zuwa Lambata a 2021, sannan a aiko da katafila. Gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a 2017, ta Namnai a Taraba ta tafi a 2024, kuma a duka biyun ruwa ne ya ba da sanarwa, ba mai duba gada ba.

Yanzu shinge ya dawo. A Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Keffi zuwa Makurɗi, daga naira 500 na ƙaramar mota zuwa 1,600 na babba, kuma akwai shirin miƙa wasu manyan hanyoyi ga 'yan kasuwa su gyara su riƙa karɓa. Ni dai ban ga aibin biyan kuɗin hanya ba, domin direba yana biyan fiye da haka ga samarin da ke cike rami da ƙasa suna miƙa hannu, da kuma masu kaki. Sharaɗin shi ne na kowa ya ci ladan kuturu: wanda ya karɓa ya yi askin, a kuma buga abin da aka tara da abin da aka kashe kowa ya gani. Tarihi na ba da dalilin ɗari-ɗari, tunda an miƙa hanyar Legas zuwa Ibadan ga wani kamfani a 2009 aka ƙwace a 2012 ba tare da an yi aikin ba. Sannan shinge ba ya biyan kansa sai a hanya mai yawan motoci. Hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ba za ta taɓa jawo ɗan kasuwa ba. Ita da ire-irenta sai asusu.

Wani gwaji da aka yi a jihar Kaduna ya fi burge ni fiye da manyan sanarwar Abuja. A ƙarƙashin shirin hanyoyin karkara na Bankin Duniya da ya fara a 2008, an ba da wasu hanyoyi bisa kwangilar da ba a biyan ɗan kwangila don yawan tsakuwar da ya zuba. Ana biyansa ne a kai a kai muddin hanyar na cikin halin da aka yi yarjejeniya, idan aka tarar da rami ko toshasshen kwalbati a yanke masa. Nan take lissafinsa ya juya, ramin da a da abinci ne ya zama asara. Shirin RAAMP da ya gaje shi a 2020 ya matsa wa jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun hanya na jiha. Ko asusun za su rayu bayan masu ba da lamuni sun tattara komatsansu, wannan ya rage ga gwamnoni.

A halin da ake ciki gwamnatin Tinubu ta sa gaba a manyan sababbin ayyuka: hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai kimanin kilomita 700, da ta Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ta gada. Minista Umahi ya dage kan kankare maimakon kwalta, yana cewa ya fi ƙarko, kuma siminti a gida ake yinsa alhali kwalta shigo da ita ake yi. Akwai gaskiya a ciki, musamman inda manyan motoci suka yi yawa. Sai dai kankare ma yana da gaɓoɓin da ake toshewa kada ruwa ya shiga, yana da magudanai, kuma idan ya fashe gyaransa ya fi na kwalta tsada da wuya. Kowace sabuwar kilomita ƙarin baki ce a kan kwanon da bai ishi na gida ba. Ɓangaren Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano da aka ƙaddamar a Mayun 2023 zai buƙaci sabon rufinsa na farko tsakanin 2030 da 2033, ko ma kafin nan idan tireloli suka ci gaba da bin sa ba awo. Gwamnatin da za ta biya wannan kuɗi ba a zaɓe ta ba tukuna, kuma har yanzu babu asusun da aka ce ta je ta ɗauko su.